Wasan Kwaikwayon Hausa na Nijar a Intanet: Abin da Ake Samu da Abin da Ya Rage a Kaset

1.0 Gabatarwa

A yau, da zarar an ba ɗalibi batun bincike a kan wasan kwaikwayo, abin da yakan fara yi shi ne buɗe intanet. Wannan ba abin zargi ba ne, ganin cewa yawancin littattafai da mujallun fannin ba su cika samuwa a ɗakunan karatunmu ba. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa manazarta da masu sana'ar dandali irin kafofin da ke akwai, da amfanin kowace, da inda ta tsaya. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, intanet ta wadata da rubuce-rubuce a kan wasan kwaikwayo, amma shi kansa wasan Hausa na Nijar kaɗan ne daga cikinsa ya isa can, kuma dalilin haka yana cikin yanayin wasan.

2.0 Yanayin wasan

A arewacin Nijeriya an daɗe da buga wasanni cikin Hausa, tun daga "Six Hausa Plays" na R. M. East a 1936 zuwa "Jatau na Kyallu" na Shu'aibu Maƙarfi da waɗanda suka biyo baya. A Nijar kuwa, yawancin wasannin da suka samu shiga ɗab'i, kamar "Tanimoune" na André Salifou, da Faransanci aka rubuta su. Wasan Hausa ya bunƙasa ne ta wata hanya dabam, wato ta ƙungiyoyin samariya a zamanin Seyni Kountché (1974 zuwa 1987), da bikin matasa na ƙasa da aka fara a 1976, da kuma rediyo da talabijin, inda ƙungiyar ORTN ta Damagaram da ƴan wasa irin su Yazi Dogo suka yi fice.

Kamar yadda Janet Beik ta nuna a littafinta "Hausa Theatre in Niger" na 1987, waɗannan ƙungiyoyi ba rubutaccen matani suke haddacewa ba. Akan tsara ƙashin bayan labari, a raba shi fita-fita, sannan kowane ɗan wasa ya zuba kalamansa yayin gwaji da lokacin wasa. Ke nan matanin wasan shi ne abin da aka faɗa a kan dandali. In ba a ɗauke shi a kaset ba, ya tafi. In an ɗauka, to kaset ɗin ne littafin. Haka abin yake ga wasannin gargajiya kamar tashe da wasan kara na Damagaram.

3.0 Rubuce-rubucen nazari

A nan ne intanet ta fi taimako. Persée, wadda aka buɗe a 2005, tana ba da tsofaffin fitowar mujallu kyauta, ciki har da "Journal des africanistes" da "Cahiers d'études africaines". Gallica, ta babban ɗakin karatu na Faransa, ta fara aiki a 1997, kuma tana ɗauke da takardu da mujallun zamanin mulkin mallaka masu amfani ga mai bin tarihin wasannin makaranta, irin na William Ponty ta Senegal a shekarun 1930. Ga mai karanta Ingilishi akwai JSTOR, inda ake samun "Research in African Literatures", da kuma AJOL mai tattara mujallun jami'o'in Afirka.

Theses.fr tana jera kundayen digirin dakta da aka kare a Faransa daga 1985. Wajibi ne a lura da wannan shekara da wannan iyaka: kundin da aka kare kafin 1985, ko wanda aka kare a Abijan ko Dakar ko Yamai, ba nan ne mazauninsa ba. Saboda haka rashin ganin aiki a intanet ba hujja ba ce ta cewa ba a yi shi ba. Kafin ɗalibi ya rubuta cewa babu wanda ya taɓa nazarin batunsa, sai ya taka zuwa ɗakin karatun sashensa da na IRSH da na CELHTO a Yamai.

Akwai kuma matsalar rubutun suna. Kalma guda tana zuwa a matsayin Hausa da haoussa da hawsa. Wasan kara yana zuwa da s guda ko biyu. Gari guda yana zuwa a matsayin Zinder ko Damagaram. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sau da yawa na'urar da ke karanta tsofaffin shafuka ba ta gane su. Wanda ya nema da siga guda kawai zai tsallake ayyuka da dama. Dabara ita ce a gwada kowace siga, da lanƙwasa da kuma ba lanƙwasa.

4.0 Sauti da hoto

A YouTube da Facebook ana cin karo da gutsattsarin tsofaffin wasanni da masu sha'awa suka ɗora. Ga mai kallo don nishaɗi wannan ya isa. Ga manazarci kuwa akwai cikas, domin galibi ba a faɗin shekarar ɗauka, ko wurin, ko sunayen ƴan wasa, ko an yanke wani sashe. A wasan da kalamansa ke sauyawa daga dare zuwa dare, wannan bayani shi ne ginshiƙin nazari. Bugu da ƙari, abin da aka ɗora yau ana iya sauke shi gobe. Don haka duk wanda zai kafa hujja da irin wannan bidiyo ya rubuta adireshinsa da ranar da ya kalla, ya adana kwafi, sannan ya nemi wani tsohon ɗan ƙungiyar ya tabbatar masa da bayanan.

Misalin aikin da aka tsara shi ne taskar sauti ta CREM a Faransa, wadda ke da abubuwan da aka ɗauka a Nijar, tare da katin bayani na mai ɗauka da wuri da shekara. Kiɗa da waƙa ne suka fi yawa a cikinta, amma tsarin katin nata abin koyi ne.

5.0 Kafofin masu sana'a

Marubuci ko mai tsara wasa da ke neman fita waje zai amfana da shafin Africultures, da na bukukuwa kamar MASA ta Abijan da aka fara a 1993 da Récréâtrales ta Wagadugu da aka fara a 2002, da gasar Prix RFI Théâtre da aka buɗe a 2014. Shafin On the Move kuma yana tattara sanarwar tallafin tafiye-tafiye. Sai dai gasar RFI ta rubutaccen wasa ce cikin Faransanci, kuma masu ba da tallafi sukan nemi takardun bayani da bidiyo mai kyau. Ƙungiyar da ke wasa da Hausa ba tare da matani ba tana bukatar wanda zai rubuta mata wasanta ya fassara. Wannan aiki ne da sassan harsuna da adabi suka fi kowa cancantar yi.

6.0 Batun kaset

Abin da ORTN, wadda ta koma RTN a 2022, da masu bincike da ƴan wasa suka ɗauka a shekarun 1970 da 1980 an ɗauke shi ne a kan zaren kaset. Zafi da ƙura da laima suna cin wannan zare, kuma na'urorin kunna shi suna ƙarewa. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe mai ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. A 2019 UNESCO da ƙungiyar IASA ta masu adana sauti da hoto sun yi gargaɗin cewa wajen 2025 kayan gyaran irin waɗannan na'urori za su yanke. Wannan wa'adi ya riga ya zo.

Akwai shirye-shiryen da aka kafa don irin wannan ceto, kamar Endangered Archives Programme na British Library tun 2004, da Modern Endangered Archives Program na jami'ar UCLA a Amurka tun 2018. Amma ɗora abu a intanet shi kaɗai ba adana ba ne. Harin da aka kai wa na'urorin British Library a watan Oktoba na 2023 ya rufe yawancin hidimominta na tsawon watanni. Darasin shi ne a riƙe kwafi fiye da guda, a wurare dabam-dabam, ɗaya daga ciki a nan gida.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya ba da shawara uku. Ta farko, a ƙidaya kaset ɗin da ke hannun gidajen rediyo da tsofaffin ƴan wasa a Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai. Ta biyu, a karɓi juyar wasa guda zuwa rubutu, tare da fassara da cikakken katin bayani, a matsayin aikin kundin ɗalibi. Ta uku, kada a ɗora komai sai da yardar masu wasan ko magadansu. Aikin yana da gaggawa, domin waɗanda za su iya duban hoto su faɗi sunan ɗan wasa da shekarar wasan su ma shekaru suna cim musu.