Talla daga akwatin rediyo zuwa salula: abin da sauyin ya yi wa Hausar Nijar

Tun da aka buɗe rediyon ƙasa a 1958, wanda ya koma Muryar Sahel a 1974, talla da sanarwa hanya guda suke bi. Mai kaya ya kawo takardarsa, galibi da Faransanci, ya biya kuɗi, ma'aikacin sashen Hausa ya fassara ya karanta. Bayan Taron Ƙasa na 1991 tashoshi masu zaman kansu sun ɓullo, R&M a 1994, Anfani a 1995, amma tsarin bai sāke ba. Sanarwar rasuwa, ta aure da ta suna, su ne cefanen yau da kullum na ƙananan tashoshi.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, mafassarin nan mai tacewa ne. Shi ke zaɓen kalma, shi ke yanke ko a ce lakwal ko makaranta, kuma ta bakinsa wata Hausa ta tsaka-tsaki ta ginu, wadda Ba'adare da Badamagare duk ke ji ba wahala.

WhatsApp ya shigo da saƙon murya a 2013, kuma nan ne, a ganinmu, sauyin ya fi nauyi, fiye da Facebook. Saƙon murya bai buƙatar karatu. Mai sayar da atamfa a Maraɗi sai ta ɗauki hoto, ta yi bayani da bakinta, ta faɗi farashi da jika da dala, ta tura wa rukuninta. Ba mafassari, ba kuɗin sanarwa. Talla ta koma kusa da aikin sanƙira da mai shela, da kirari da maimaici, kuma kowa da karin harshen garinsu.

Tashoshin sun bi sawu: suna yanka shiri guntu-guntu su watsa ta salula, suna karɓar muryoyin masu saurare maimakon wasiƙa. Studio Kalangou, da aka kafa a Yamai a 2016, na haɗa watsawa ta tashoshin abokan hulɗa da intanet. Abin da rediyo ke iya sayar wa mai talla yanzu shi ne amana, don saƙon da ke yawo hannu-hannu ba a san mai shi ba.

A rubuce kuwa matsalar daban ce. Wanda ya yi lakwal da ƙa'idar Faransanci yake rubuta Hausa:

(1) tchiniki, kouma, chinkafa, maimakon ciniki, kuma, shinkafa

(2) kaya, ga kaya da ƙaya duka biyu

Misali na (2) ya fi muni, tunda lanƙwasar da ta faɗi ita ke rarrabe ma'ana. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar bisa Kundin Sake Gina Ƙasa, alhali mafi yawan Hausar da ɗan makaranta ke gani a rubuce a salula ce, da irin rubutun (1) da (2).