Me ke hana agogon otomatik murɗa kansa?

Agogon otomatik shi ne wanda ba ya amfani da batir: motsin hannun mai shi ne ke tafiyar da shi. A bayan injinsa akwai wani ƙarfe mai nauyi, kamar rabin faifai, da ake kira rota. Duk sa'ad da hannu ya motsa sai ya juya, ya tura wasu ƙananan giya, su kuma su naɗe sifirin ɗin da ke adana ƙarfin agogon. Kamfanin Rolex ya fito da rota mai zagayawa gaba ɗaya a 1931. In sifirin ya cika, yawancin agogunan kan yi kusan awa 40 a ajiye.

In agogon ya daina murɗa kansa, galibi man ciki ne ke bushewa, ya haɗu da ƙura ya zama dauɗa, giyar su riƙa zamewa. Wani lokaci boris ɗin rota ne ya cinye. In haka ne, in ka girgiza agogon a kusa da kunne za ka ji ƙarfe na gogar murfi. Wannan kada a yi masa jinkiri, domin garin ƙarfen zai bazu cikin injin.

Kafin a je wurin mai gyara, a murɗa makunnin gefe sau 30, a ajiye. In ya kwana yana aiki, mai yiwuwa laifin na ɓangaren rota ne. Tsofaffin Seiko 5 da yawa ba sa murɗuwa da hannu, sai dai a girgiza su.

Masu wuni a zaune da dattawa su suka fi fama, ko da agogon lafiyarsa ƙalau, domin hannunsu ba ya yawan motsi. Don Allah kada a ɗiga masa man keken ɗinki. Mai gyara zai kwance injin, ya wanke, ya sa nasa man.