Matan shirin Ertugrul da siyasar cikin tanti: abin da na gane bayan ciwon Babanmu



Duk mai zama wajen mai shayi a nan Sabon Ibadan bayan sallar isha'i ya san yadda shirin Ertugrul ya kama matasanmu. Waya ɗaya, kawuna biyar a kanta. Abin da muke jira kawai a hau dawaki, Turgut ya ɗaga gatarinsa, Bamsi ya zaro takubbansa biyu. Da an nuno mata a tanti suna magana sai ka ji wani ya ce, "Kai tura gaba, surutun mata ne." Ni ma haka nake yi a da. Sai da Babanmu ya kwanta ciwo, ina zaman jinya cikin dare babu abin yi, na sake kallon shirin daga farko ban tsallake komai ba. A nan na gane ashe wurin da muke turawa gaba, nan ake ƙulla yawancin abin da ake zuwa a yi yaƙi a kansa.

Ga wanda bai san shirin ba, na ƙasar Turkiyya ne. Tashar gwamnatinsu TRT 1 ta fara nuna shi a watan Disamba na 2014, aka kammala a 2019. Zango biyar ne, kashi 150, kowane kashi wajen awa biyu. Labarin ƙabilar Kayi ne a ƙarni na 13, makiyaya masu yawo da dabbobi suna neman inda za su zauna, ga Mongol ta gabas, ga Rumawa da mayaƙan Kuros ta yamma, ga sarkin Saljuk da suke ƙarƙashinsa. Ertugrul shi ne mahaifin Usman wanda ya kafa Daular Usmaniyya. Mutane ne da suke zaune a ƙasar da ba ta kakanninsu ba, kullum sai sun lallaɓa masu gari. Ina ganin shi ya sa shirin ya fi shiga ranmu mu 'yan Kudu.

A shirin nan mulki da gida abu ɗaya ne. Tantin shugaba shi ne fada, shi ne kuma ɗakin kwanansa. Waɗanda za su gaje shi 'ya'yansa ne, mai ba shi shawarar ƙarshe kafin ya kwanta matarsa ce. Don haka duk rigimar da ta tashi a wajen cin abinci, gobe sai ta fito a majalisar dattawa.

Uwa mai riƙon ƙwarya

A fara da Hayme Ana, mahaifiyar Ertugrul. A zango na farko mijinta Sulaiman Shah ne shugaba, ita tana gefe. Amma ka lura, babu wata babbar magana da yake yankewa bai ji ta bakinta ba. Ita ce kuma ke kula da masaƙar mata, inda ake saƙa dardumar da ƙabilar ke kaiwa kasuwa ta samu kuɗi. Wato ba zaman jiran abinci suke yi ba, wani ɓangare na arzikin ƙabilar a hannunsu yake.

Da Sulaiman Shah ya rasu a ƙarshen zango na farko, ita ta riƙe ƙabilar. Da Mongol suka far musu, ita ta kai su wajen ɗan'uwanta Korkut, shugaban ƙabilar Dodurga, suka samu mafaka. Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da aka matsa mata ta zaɓa tsakanin ɗanta da zaman lafiyar ƙabilu biyu. Ta amince a kori Ertugrul daga sansani, ta yi magana a matsayin shugaba a gaban jama'a, ta koma tanti tana kuka a matsayin uwa. Duk da haka kowa ya san riƙon ƙwarya take yi. Kujerar tana jiran ɗaya daga cikin 'ya'yanta maza ne.

Aure a matsayin yarjejeniya

Halima, matar Ertugrul, 'yar wani yariman Saljuk ce mai suna Nu'uman da ya tsere daga hannun maƙiya. Ertugrul ya cece su a daji ya kawo su gida. Wannan taimako shi ya jawo wa ƙabilar rigima da kwamandan Saljuk Karatoygar, daga baya ma sarkin Halab da suke neman makiyaya a wurinsa ya ƙyalla ido ya ga Halima ya ce yana so. Ka ga maganar aure ta zama maganar inda mutane dubbai da dabbobinsu za su ci rani.

Haka Aslihan a zango na uku. Mahaifinta Jandar shugaban ƙabilar Chabdar ne. Yayyenta maza biyu, Ural da Aliyar, suka saɓa, duk biyun suka mutu, mulki ya faɗo kanta. Ta riƙe shi da jarumta, amma da ta auri Turgut sai sarautar ta koma hannunsa. Dokar shirin ke nan daga farko har ƙarshe: mace tana iya riƙe mulki, tana iya ma fin mazan iyawa, amma da an samu namijin da ya dace sai ta miƙa.

Makirci, da wanda ake ɗora wa shi

Sai kuma masu ƙulla tuggu. Saljan matar Gundogdu ce, yayan Ertugrul. Sulaiman Shah ne ya kashe mahaifinta saboda cin amana, sannan ya ɗauke ta da ƙanwarta Gokche ya raine su a gidansa. Ta tashi da wannan ƙullin a zuciya. Ba ta da dakaru, ba ta da kujera a majalisa, don haka sai ta bi ta kan mijinta. Kullum tana zuga shi cewa shi ne babba amma an fi son ƙaninsa. Ta so Gokche ta auri Ertugrul don gidan ya zama nasu, zuwan Halima ya ɓata lissafin.

A zango na biyu Aytolun ta fi ta. Ita amaryar Korkut ce, ita ta yi sanadin mutuwar uwargidansa, kuma ta aure shi ne don ta share wa ɗan'uwanta Gumushtekin hanyar babbar sarauta. Saljan, wadda a lokacin ta riga ta tuba, ita ta fara gano ta. Amma wa zai yarda da ita? Har mijinta ya juya mata baya. An yi mata shaidar makirci sau ɗaya, gaskiyarta ta daina tasiri.

A nan ne nake so 'yan uwa su yi hattara. Idan ka ƙirga da kyau, maza maciya amana sun fi yawa a shirin. Kurdoglu aminin Sulaiman Shah ne na rantsuwa, shi ya sayar da shi. Ural ɗa ne da ya ci amanar gidansu. Sa'aduddin Kopek waziri ne da ya ci amanar sarkinsa. Amma in namiji ya yi sai mu ce siyasa ce, in mace ta yi sai mu ce halinsu ne. Kuma a sani, abin da tarihi ya adana game da Ertugrul kaɗan ne. Akwai tsabar kuɗin zamanin Usman da aka rubuta sunan mahaifinsa Ertugrul a kai, akwai kabarinsa a garin Sogut, akwai na Hayme Ana a yankin Domanich. Yawancin makirce-makircen nan marubucin shirin, Mehmet Bozdag, da abokan aikinsa ne suka tsara don labari ya yi daɗi. Kada mutum ya ɗauke su ma'aunin auna matan gidansu.

Yadda abin ya zo gidanmu

Babanmu ya fi shekara talatin yana sayo shanu daga Potiskum da Maigatari yana saukewa a Ibadan. Wanda ya san harkar ya san yawancin cinikin bashi ne. Mahauci zai ɗauki sa yau, ya biya bayan ya sayar da nama. Baba ba ya rubutu, komai a kansa yake. Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ƙi fita, kuɗinmu na hannun mahauta kusan goma sha biyar, ga masu shanu a Arewa suna jiran nasu.

Ni da Yaya muka tsaya cirko-cirko. Shekara nawa muna bin Baba kara, amma ba mu san wa ke riƙe da nawa ba. Wani ƙanin Baba ya zo ya ce a miƙa masa komai tunda shi ne babba. Sannan aka fara raɗe-raɗi a kan amaryar Baba da muke kira Anti, wai ta san inda kuɗi suke, wai ma a binciki abin da ta ba shi ya ci. Wallahi ba zan ɓoye ba, ni kaina na fara yi mata kallon Aytolun. Na daina cin abincinta kwana biyu.

Inna ce ta tara mu a ɗakinta. Ba ta kiran sunan Yaya tunda ɗan fari ne, sai ta dube ni ta ce, "Kai, ɗauko biro da takarda, ka ce wa wancan ya matso." Ta fara jero sunayen mahauta ɗaya bayan ɗaya, da yawan shanun da kowa ya ɗauka, da abin da ya rage a kansa. Ashe kowane dare in Baba ya dawo yana cin tuwo, yana faɗa mata yadda kasuwa ta kasance, ita kuma tana ajiyewa a ka. Na ranakun girkin Anti kuwa, Anti ce ta cike mana su, ba ta rage ko ɗaya ba. Da muka fita karɓar bashi, mutum biyu ne kawai suka yi gardama, su ma da suka ji an faɗi rana da kalar sa sai suka sauko. Kuɗin tirelar da ta biyo baya, da adashen Inna da 'yan kunnen gwal na Anti aka biya.

Da maganar zargin ta kai kunnen Inna, abin da ta ce mana shi ne, "Hawan jinin ubanku ya girmi aurenta. Kada in sake jin wannan magana a gidan nan." Na je na ba Anti haƙuri. Ta ce ba komai, amma na ga idonta, na san akwai komai.

A ƙarshen zango na biyu ƙabilar Kayi ta rabu. Gundogdu ya ƙi tafiya, Ertugrul ya nufi yamma da mutane kaɗan, labaran gargajiyar Turkawa na cewa tanti wajen 400. Hayme ta bi Ertugrul, ta bar wasu 'ya'yanta a baya. Mu ma yanzu muna kan irin wannan gaɓa. Yaya yana so a tattara a koma gida da Baba, ni ina ganin kasuwarmu da mutanenmu suna nan. Mun yi ta ja, mun kai maganar gaban dattawan kara, sun ce mu je mu sasanta a gida. Mu duka mun san ma'anar wannan: duk inda Inna ta ce, nan za a yi. Amma in an tashi sanarwa, da sunan Yaya za a sanar.

Ban ce a sauya tsarin da muka gada ba, wannan ya fi ƙarfin bakina. Abin da nake cewa, mu da iyayenmu maza ke kwana a hanya tsakanin Arewa da Kudu, mu san wa ke riƙe da gida in sun tafi, mu kuma daina saurin zargi. Wanda mahaifinsa ke harkar bashi, ya zauna da shi tun yana da lafiya a rubuta komai, a gaban iyayensa mata. In kuma kun zauna kallo yau da dare aka nuno tanti, ku bar shi ya tafi, ku saurari abin da ake faɗa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa iyayenmu mata da alheri. Ku sa Babanmu a addu'a.