Jetliner: Jirgin da Kanada Ta Ƙera Ta Kuma Yar

Ranar 10 ga Agustan 1949, wani jirgin fasinja mai injin jet ya tashi daga filin jirgin sama na Malton, kusa da Toronto a ƙasar Kanada. Kamfanin Avro Canada ne ya ƙera shi a ƙarƙashin jagorancin injiniya James Floyd, aka raɗa masa suna C102 Jetliner. Da mako biyu kacal jirgin Comet na Ingila ya riga shi tashi, don haka shi ne na biyu a irinsa a duniya. A watan Afrilun 1950 ya kai jakar wasiƙu daga Toronto zuwa New York cikin ƙasa da awa guda, a zamanin da jiragen farfela ke cin kusan ninkin wannan lokaci. Duk da wannan bajinta, ba a taɓa sayar da ko guda ba, kuma laifin na gwamnatin Kanada ne, wadda ta janye hannu daidai lokacin da abin ya fara nuna.

Masu kare gwamnati suna da hujja mai nauyi. An tsara jirgin da injuna biyu na Rolls-Royce Avon, da ba a samu ba aka koma ga Derwent guda huɗu masu shan mai, abin da ya rage masa nisan zango, har kamfanin jiragen ƙasar, Trans-Canada Air Lines, ya fasa saye. Ga kuma yaƙin Koriya da ya ɓarke a 1950, sojoji na jiran jirgin yaƙi CF-100 daga wannan masana'anta. Shi ya sa a 1951 minista C. D. Howe ya ba da umarnin dakatar da aikin.

Sai dai hujjar ba ta kai ba. Injin abu ne da ake sauyawa, kuma a shekarun nan injunan jet suna ta inganta. Masu saye ma ba su ɓace ba: kamfanin National Airlines na Amurka ya nuna sha'awa, shi kuwa attajiri Howard Hughes ya tuƙa jirgin da hannunsa a Kalifoniya a 1952, yana son a ƙera wa kamfanin TWA. Yaƙi dalili ne na jinkirta aiki, amma an tsagaita wuta a Koriya tun 1953, ba a kuwa farfaɗo da aikin Jetliner ba. Abin takaicin shi ne kasuwa tana buɗe: an dakatar da Comet a 1954 bayan haɗurran da gajiyar ƙarfen jikinsa ta jawo, Boeing 707 bai fara jigila ba sai 1958, Caravelle na Faransa, mai matsakaicin zango irin na Jetliner, sai 1959.

A watan Disamban 1956 aka yanyanka jirgin a matsayin tarkace. Gabansa, inda matuƙa ke zama, yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Ottawa. Kanada ta riga Amurka da shekaru, kuma da hannunta ta sarayar da wannan fifiko.