Yadda ake ba da gudummawa ga buɗaɗɗiyar manhaja

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba bisa sharuɗɗan lasisinta. Fitaccen misali shi ne Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. A kanta aka ɗora Android da ke cikin wayoyin mutane da yawa.

Da dama daga irin waɗannan ayyuka a dandalin GitHub suke. Mai son taimakawa yakan fara karanta ƙa'idojin aikin, sannan ya duba jerin matsalolin da aka kai ƙorafi a kansu. In ya ga wadda zai iya, sai ya kwafi aikin zuwa asusunsa, ya yi gyara a can, ya aika da buƙatar a haɗa da na asali. Masu kula da aikin kan bi gyaran layi-layi, su karɓa ko su mayar masa ya sake. A wannan dubawa ce matashi ke koyon sana'ar daga hannun ƙwararru, ba tare da biyan ko sisi ba.

Wanda bai iya rubuta manhaja ba ma yana da wuri. Ana neman masu gwaji, masu rubuta bayanin amfani da masu fassara. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda aka ƙaddamar a 2017, yana karɓar muryoyin masu jin Hausa: ka karanta jimla ka naɗa, ko ka saurari ta wani ka tabbatar da ingancinta, domin na'urori su riƙa fahimtar harshenmu.