Reza, Mayafi da Silin Gashi: Yadda Haske Ke Ratse Hanya

Abin da aka saba karantar da yara a makarantunmu na Keffi shi ne cewa haske a miƙe yake tafiya, ba ya kewaya bango. Kuma magana ce mai asali, domin Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya kafa mata hujja a cikin Kitabul Manazir, da ɗaki mai duhu da 'yar kafar da haske ke shigowa ta cikinta. Sai dai ƙa'idar tana da istisna'i. Wani malamin Kirista na birnin Bolonya a Italiya, Girimaldi, ya lura cewa idan aka gitta siririn sanda a gaban ɗan tsirin hasken rana, inuwarsa takan fi faɗin da lissafi ya hukunta, gefenta kuma ya yi ratsi-ratsi, alamar cewa hasken ya ɗan ratse ya shiga inda bai kamata ya kai ba. An buga littafinsa a 1665, bayan rasuwarsa.

Sababin haka, kamar yadda Tomas Yong na Ingila da Firenel na Faransa suka tabbatar a farkon ƙarni na 19, shi ne haske tafiyar taguwa yake yi, irin ta ruwan tafki wadda, in ta ratsa ƙuntatacciyar kafa, sai ta bazu hagu da dama a bayanta. Inda tudun wata taguwa ya haɗu da tudun wata sai haske ya ƙaru, inda kuwa tudu ya faɗa cikin kwarin 'yar'uwarsa sai su kashe juna, duhu ya bayyana. Sauti ma haka yake, shi ya sa mutum yana ƙuryar ɗaki yake jin kiran salla alhali ba ya ganin ladan: tazarar taguwar murya takan kai wajen mita guda, ƙofa da katanga ba su fi ƙarfinta ba, ta haske kuwa ba ta wuce tsakanin 0.0004 da 0.0007 na milimita, don haka ratsewarsa ba ta bayyana sai kafar ta yi ƙanƙanta ainun.

To, Keffi, garin da ya karɓi baƙuncin Kwalejin Gwamnati, wadda aka kafa a 1949, inda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu daga 1965 zuwa 1969 kafin ya zama malamin kimiyyar sinadarai, garin da yanzu yake da jami'ar jiha, bai dace a ce ɗalibansa sun karɓi wannan babi ta hanyar hadda da taƙlidi kaɗai ba. Uzurin da akan kawo shi ne rashin kayan ɗakin gwaji, kuma uzuri ne na gaskiya a babi da yawa, amma a ganina ba ya karɓuwa a nan, tunda duk abin da ake bukata yana teburin mai kanti.

A sami reza biyu sababbi, a manna su a kan kwali mai taga, kaifi na fuskantar kaifi, a bar tsakaninsu kamar kaurin takarda. A rufe tagogin aji, a kunna ƙaramar tocila a nesa, yaro ya kanne ido ɗaya ya leƙa ta tsagar. Zai ga hasken ya miƙe gefe da gefe, da ratsin duhu a cikinsa. Kuma abin da yakan ɗaure wa yara kai, ya kuma cancanci malam ya dakata a kansa, shi ne gwargwadon yadda aka matse tsagar, gwargwadon yadda hasken ke ƙara faɗi, akasin abin da hankali ya zata. Yarinyar da ta dubi fitilar ta cikin shara-sharan mayafinta za ta ga ɗigo-ɗigo sun jeru a tsaye da a kwance, saboda zaren saƙar ya gitta juna. Gashin kaza ma yana yi, kuma da gashin tsuntsu ne Jems Giregori na Sikotlan ya raba hasken rana zuwa launuka tun a 1673. Tsohon faifan sidi kuwa, mai layuka wajen 625 a kowace milimita, yakan watsa kowane launi ta kusurwarsa.

Mafi fa'ida shi ne awon silin gashi, domin a nan ne kallo yake komawa hisabi. A ɗaure silin a bakin tocilar leza ja, irin wadda ake sayarwa da maƙalin makulli, bisa sharaɗin kada a kuskura a haska ta a idon kowa. A auna mita 2 zuwa bango. Za a ga layin ɗigo ja ya gitta, da giɓin duhu a tsakani. Idan daga giɓi zuwa na kusa da shi, a ɓangare guda, aka sami milimita 16, sai a ninka tazarar taguwar jan hasken, wato 0.00065 na milimita, sau 2,000, wato nisan bangon a milimita, a raba da 16, amsar ta fito wajen 0.08 na milimita. Kowane ɗalibi ya auna nasa, a rubuta a allo; wanda ɗigonsa suka fi warwatsuwa shi ne mai gashi mafi siranta. Da wannan usulin ne, amma da hasken eksire maimakon leza, aka ɗauki hoton nan na 1952 a ɗakin binciken Rosalind Firankilin da ke Landan, wanda ya nuna cewa ƙwayar gadon halitta a murɗe take.