Taswira, ruwa da oba-oba: yadda ake zana ofishin kashe gobara a gari irin Sabon Birni

Da hunturu ya kama, iska ta bushe, gobara kan zama abin fargaba a kasuwannin Arewa. A watan Janairun 2021 wuta ta cinye wani babban ɓangare na Babbar Kasuwar Sakkwato, alhali a babban birnin jiha take, kusa da 'yan kwana-kwana. To ina ga garuruwan gabashin jihar irin su Isa da Sabon Birni, inda Gobirawa suka sake kafa gari bayan faɗuwar Alkalawa a 1808? Daga Sakkwato zuwa can tafiyar sa'o'i ce. Duk motar da ta taso daga birni, toka za ta tarar.

Shi ya sa masu zana ofishin kashe gobara ke fara aiki da ƙirga mintuna kafin su taɓa bulo. A Amurka, ma'aunin NFPA 1710 ya nemi motar farko ta isa wurin gobara cikin minti 4 na tafiya a kashi 90 cikin 100 na kiraye-kiraye. Don gano filin da ya dace, ana ɗora hanyoyin gari a manhajar taswira, a auna inda mota za ta iya kaiwa cikin waɗannan mintuna. Kasuwa, tashar mota, asibiti da wuraren 'yan bumburutu su ake fara sawa cikin da'irar. Ana kuma duba ko filin yana kan tudu, domin gari ne na bakin gulbi, ofishin da ambaliya ta tare wa hanya da damina bai da amfani.

Taswirar kan nuna wata matsalar: lungunan tsohuwar unguwa ba sa ɗaukar babbar mota. Maganinsa shi ne a tanadi gareji mai ƙofa biyu, ɗaya ta babbar mota, ɗaya ta ƙaramar a-kori-kura mai famfo da doguwar mesa.

Sai ruwa. Motar da ta ɗauko lita 4,000, idan tana fesa lita 500 a minti, cikin minti 8 ta ƙare. A garin da babu bututun gobara a bakin titi, dole ofishin ya mallaki rijiyar burtsatse mai aiki da sola da babban tankin ajiya, kada a tsaya jiran wutar NEPA. Ana buƙatar ma'ajiyar kumfa ma, tunda ruwa yaɗa wutar fetur yake yi. Yawan sola da shagunan cajin waya ya ƙaro wani haɗarin: batirin litiyam da ya kama wuta yana iya sake ruruwa bayan an kashe shi.

Ɗakin karɓar kira shi ne zuciyar ginin. Najeriya na da lambar gaggawa ta 112, kyauta a dukkan layuka. Amma mutanen yankin sun san yadda rayuwa take ba sabis: a watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Saboda haka zanen yana buƙatar dogon turken rediyo da wayoyin oba-oba a hannun shugabannin kasuwa da masu unguwanni, ga batir da zai riƙe ɗakin dare da rana.

Matasa masu wayar zamani na da rawar takawa. Yawancin gidaje ba su da lamba, kuma kwatancen "bayan masallaci, kusa da mai shayi" na cin lokaci. Manhajar Google Maps na ba kowane wuri gajeriyar lamba mai suna Plus Code, WhatsApp kuma na aika ainihin inda mutum yake. GPS ɗin waya daga tauraron ɗan adam yake karɓar saƙo, don haka yana gano wuri ko babu data, muddin an sauke taswirar tun da farko. Duk wanda ya rubuta lambar shagonsa ya manna a bango, ko ya saka lungun unguwarsu a OpenStreetMap, ya rage wa direban motar kwana-kwana ɓata lokacin tambayar hanya ranar da wuta ta tashi.